Hash a Python: layi uku ne kacal, amma a nan ake yawan tuntuɓe

Abubuwa biyu ne a cikin Python suke amsa sunan hash, kuma aikinsu bai ma yi kama da juna ba. Akwai hash() wanda yake nan kawai ba sai ka shigo da komai ba, sannan akwai hashlib da sai ka yi import ɗinsa. Duk biyun dai bayanai suke karɓa su mayar maka da wata gajeriyar lamba, shi ya sa mai koyo yake ɗauka ai duk ɗaya ne, ya kama wanda ya fi kusa da hannu. To ba ɗaya ba ne, kuma ko a cikin hashlib ɗin kansa akwai wuraren da kod zai yi aiki lafiya lau, babu kuskure ko ɗaya a allo, amma sakamakon ba shi ne wanda kake nema ba.

Shi hash ɗin da ake nufi a hashlib kamar zanen yatsa yake ga bayanai. Ka ba shi harafi ɗaya ko ka ba shi fayil mai gigabayit 40, tsawon abin da zai fito ba ya canjawa. SHA-256 kullum bit 256 yake bayarwa, wato bayit 32, idan aka rubuta shi da haruffan heks (lambobi 0 zuwa 9 da haruffa a zuwa f) sai ya zama haruffa 64. Abu ɗaya kullum amsa ɗaya yake bayarwa, a kowace kwamfuta, a kowane yaren furogiramin. Ka taɓa bit ɗaya kacal a cikin abin da ka shigar, kusan rabin bit ɗin sakamakon sai sun juye. Sannan babu hanyar komawa baya, daga lambar ba za ka iya lissafo ainihin bayanan ba. Wannan na ƙarshen ne ya raba shi da ɓoye saƙo da makulli, dan shi wancan an yi shi ne dama domin a buɗe daga baya, shi kuwa hash ba a buɗe shi, sai dai a sake lissafawa a gwada ko sun yi daidai.

Mu fara sallamar hash() tukuna. An yi shi ne saboda dict da set, domin Python ya san a wane gurbi zai ajiye abu ya kuma same shi da sauri ba sai ya bi duka ɗaya bayan ɗaya ba. Shi ya sa hash(5) yake ba ka 5 abinsa babu wani ɓoye-ɓoye, kuma hash(1) da hash(1.0) da hash(True) duk amsarsu ɗaya, tunda Python yana kallonsu a matsayin daidai suke. Akwai ma wani abin dariya, hash(-1) yana ba da -2, saboda a can ƙasa cikin kod ɗin C lambar -1 alama ce ta an samu matsala, sai aka kauce mata. Amma babban abin shi ne rubutu. Ka buɗe Python ka rubuta hash("abc"), ka rufe, ka sake buɗewa ka sake rubutawa, lamba daban za ka gani. Ba lalacewa ya yi ba, da gangan ne. A watan Disamba na 2011, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Balin ta Jamus, Alexander Klink da Julian Wälde sun nuna cewa mutum zai iya tsara dubban kalmomi da duk za su faɗa gurbi ɗaya, ya tura su ga saba (server) a cikin buƙata guda, sabar ta tsaya tana ta faman tantance su har ta kasa yi wa kowa aiki. Yaruka da dama abin ya shafa, har da Python da PHP da Java. Daga Python 3.3 a 2012 sai aka mayar da shi doka, duk lokacin da furogiram ya tashi ana zaɓar wata lamba ta sirri a cakuɗa da hash ɗin rubutu, sannan a 3.4 aka koma amfani da wani tsarin hash mai suna SipHash. Kenan duk wanda ya ajiye sakamakon hash() a rumbun bayanai da niyyar gobe ya gane fayil ko mai amfani da shi, gobe ba zai samu komai ba. Eh akwai PYTHONHASHSEED da za ka iya kafe lambar da shi, amma wannan na gwaji ne, ba hujja ba ce ta ɗora masa aikin da ba nasa ba.

Shi kuwa hashlib tun Python 2.5 a 2006 yake, shi ya maye gurbin tsofaffin md5 da sha da suke zaman kansu a da. Amfani da shi bai wuce haka ba:

import hashlib
h = hashlib.sha256(b"hello")
print(h.hexdigest())

Zai ba ka wani dogon abu da ya fara da 2cf24dba. Kaga wannan ƙaramar b ɗin da take gaban rubutun? Kusan rabin rikicin hash a wurinta yake. Hash bai san rubutu ba, bai san hoto ba, bai san lamba ba, bayit kawai ya sani. Idan ka cire b ɗin Python zai tsayar da kai da TypeError ya ce sai ka mayar da rubutun bayit tukuna, kuma gaskiya wannan tsayarwar alheri ce, dan tana tilasta maka ka amsa tambayar da mutane ba sa son amsawa, wato rubutun nan da wane tsari za a mayar da shi bayit? Ga haruffan Turanci zalla ba ka cika ganin bambanci ba. Amma ka ɗauki harafin ƙ, a UTF-8 bayit biyu ne, c6 da 99, a UTF-16 ma biyu ne amma wasu daban, shi kuwa latin-1 bai ma da shi kwata-kwata. Kalma ɗaya, tsari biyu, hash biyu da ba su haɗa komai ba. Shi ya sa ni a ganina gara ka rubuta .encode("utf-8") ɓaro-ɓaro duk da cewa shi ne zaɓin da Python 3 yake yi da kansa, saboda wanda zai karanta kod ɗin ya sake rubuta shi a Java ko Go ya san me aka yi.

Kuma ko an yarda a kan UTF-8 ɗin ma magana ba ta ƙare ba. Harafin à ana iya rubuta shi ta hanya biyu a Unicode, ko dai harafi guda da aka ƙera da alamarsa, ko kuma a tsura sannan alamar ta biyo baya a matsayin wani abu daban. A ido ba ka da yadda za ka bambance su, amma bayit ɗinsu daban, dan haka hash ɗinsu daban. Maganin wannan yana cikin laburaren shi ma, unicodedata.normalize, ka zaɓi tsari ɗaya kamar NFC ka bi da duk rubutu ta ciki kafin ya isa wurin hash.

Sai ƙarshen layi, wanda shi ne ya fi cinye wa mutane lokaci a banza. Mutum zai rubuta echo hello ya tura wa sha256sum a Linux ya ga amsa ta fara da 5891b5b5, ya koma Python ya ga 2cf24dba, sai ya fara zargin ɗaya daga cikinsu. Duk biyun daidai suke, echo ne yake ƙara alamar sabon layi a ƙarshe, bayit ɗaya tal da ba a gani, kenan shi bayit 6 ya lissafa kai kuma 5. Haka nan Windows yana rufe layi da bayit biyu inda Linux yake amfani da ɗaya, kuma idan ka buɗe fayil a Python a matsayin rubutu zai gyara maka waɗannan a ɓoye kafin ya miƙa maka, sai ka ƙare kana lissafa hash ɗin abin da ba shi ne a kan faifan ba. Fayil ɗin da za a yi wa hash da "rb" ake buɗe shi, wato a matsayin bayit, babu wata tattaunawa.

Git, manhajar ajiye tarihin kod, ma yana rikita mutane ta wannan hanyar. Lambar da yake ba fayil ba SHA-1 ɗin abin da ke cikin fayil ɗin ba ce zalla, yana fara liƙa kalmar blob da tsawon fayil ɗin da bayit na sifili a gaba sannan ya lissafa. Shi ya sa SHA-1 na fayil ɗin da babu komai a ciki yake farawa da da39a3ee amma a Git za ka ga e69de29b.

Inda abin ya fi zama da wayo shi ne lokacin da kake son hash ɗin abubuwa da yawa a haɗe. Kiran update, wanda da shi ake ƙara wa hash ɗin bayanai, sau biyu daidai yake da haɗa abubuwan biyu a kira sau ɗaya, haka aka tsara shi. To amma ma'anar haka ita ce "ab" sannan "c" da kuma "a" sannan "bc" duk abu ɗaya ne a wurinsa, abc kawai ya gani. Ka ɗauka kana haɗa lambar asusu da adadin kuɗi, 12 da 345 zai ba da hash ɗaya da 123 da 45, kuma ba SHA-256 ne ya gaza ba, kai ne ka share iyakar da ke tsakaninsu kafin ka ba shi. Ana magance shi ta hanyar sa tsawon kowane yanki a gabansa, ko sa wata alamar rabuwa da ka tabbata ba za ta taɓa fitowa a cikin bayanan ba. Haka idan dict ne, kar ka yi str() ɗinsa ka tura, dan jerin da aka bi wajen zuba abubuwan zai canja sakamakon ko da abin da ke ciki ɗaya ne. Mutane suna amfani da json.dumps tare da sort_keys=True, kuma ya wadatar idan Python ne a duka ɓangarorin, amma idan wani yare ne a ɗaya gefen sai kun zauna kun daidaita har batun tazara bayan waƙafi da yadda ake rubuta lambobi masu ɗigo.

Amfanin update na gaske shi ne manyan fayiloli. Ba sai ka loda fayil mai gigabayit 40 cikin memori ba, kana karanta shi gutsure-gutsure kana miƙawa, a ƙarshe ka kira hexdigest, amsar ɗaya ce da ta wanda ya loda duka. Daga Python 3.11 ma an sauƙaƙa, akwai hashlib.file_digest da zai yi maka zagayen da kansa. Sannan idan gutsuren ya haura bayit 2047 hashlib yana sakin GIL, kullen da ke hana zaruruwa (threads) biyu gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda, yayin lissafi, kenan za ka iya yi wa fayiloli da yawa hash a lokaci guda da zaruruwa kuma ka ga saurin a zahiri, abin da ba kasafai ake samu a Python ba.

To wanne za a zaɓa a cikin jerin? MD5 Ronald Rivest ne ya ƙirƙiro shi a 1991, bit 128 yake bayarwa. A 2004 Wang Xiaoyun da abokan aikinta daga Sin suka nuna abubuwa biyu mabambanta masu MD5 ɗaya, yau kuma kwamfutar kan cinya tana haɗa irin wannan karon cikin daƙiƙoƙi. Ba a takarda abin ya tsaya ba, a 2012 an gano cewa muguwar manhajar nan Flame ta yi amfani da karon MD5 ta ƙirƙiri takardar shaida ta bogi da ta sa ta yi kama da abin da Microsoft ya sa wa hannu. SHA-1 na 1995 ne, bit 160, ya daɗe ana cewa ya kusa faɗuwa kafin a watan Fabrairu na 2017 Google da cibiyar CWI ta Amsterdam su fitar da fayilolin PDF guda biyu, abin da ke cikinsu daban, SHA-1 ɗinsu ɗaya. Aikin ya ci lissafin da ya kai kimanin shekara 6,500 na CPU guda da shekara 110 na GPU guda, an dai raba shi ne a kan injina masu yawa.

Amma a fahimci me ya karye. Abin da aka iya shi ne mutum ya ƙera abubuwa biyu da kansa su yi karo. A ba ka MD5 ɗin wani fayil da ba kai ka tsara ba a ce ka nemo wani da zai dace da shi, wannan har yanzu ba a iya shi a aikace ba. Shi ya sa MD5 bai fita daga hashlib ba, kuma idan aikinka gano hotunan da suka maimaitu ne a cikin faifanka, babu wani maƙiyi a lamarin, zai yi maka. Python 3.9 ma ya ƙara usedforsecurity=False domin ka bayyana cewa ba tsaro kake nufi ba, saboda akwai injinan da aka kulle su ƙi MD5 gaba ɗaya. Duk da haka ni ban ga dalilin fara sabon aiki da shi ba. Kod yana daɗewa fiye da niyyar wanda ya rubuta shi, abin da aka yi yau dan tantance hotuna shekara biyu masu zuwa wani zai jingina masa tabbatar da fayilolin da baƙi suke turowa, kuma ba zai duba wane hash ne a ciki ba. SHA-256 yana nan tun 2001, ba a karya shi ba, yawancin yaruka suna da shi a laburarensu, Go yana da crypto/sha256, Java yana da MessageDigest, kuma yawancin sababbin na'urori suna da umarni na musamman a cikin CPU da ke hanzarta shi. SHA-3 da aka tabbatar a 2015 da BLAKE2 sun shigo hashlib a 3.6, duka masu kyau ne, amma zuwan SHA-3 ba ya nufin SHA-2 ya mutu, an yi shi ne da gini daban domin ya zama madadin idan wata rana aka samu matsala.

Wani abu kuma da ake yi ba a lissafa ba shi ne yanke hash, a ɗauki haruffa 8 na farko dan ya yi gajere. Haruffa 8 na heks bit 32 ne, wajen biliyan 4 da miliyan 300 na yiwuwar lambobi, sai mutum ya ga ai da yawa. Amma karo ba ya jiran ka cika gurbin duka. Lissafin nan ne na ranar haihuwa, inda mutum 23 kacal a ɗaki suka isa a samu yiwuwar sama da rabi cewa biyu sun haɗa rana. A bit 32, da ka kai abubuwa wajen 77,000 yiwuwar karo ta kai rabi. Wannan lissafin ya shafi zlib.crc32 shi ma, wanda dama an yi shi ne dan gano lalacewar bayanai a hanya ba dan tsayawa gaban mai mugun nufi ba.

Kalmar sirri kuma wani babi ne daban, kuma a nan ne SHA-256 ɗin da na gama yabo yake zama zaɓi mara kyau. Laifinsa saurinsa. Wanda ya sace rumbun bayanai ba ya buƙatar juya hash baya, zai ɗauki jerin kalmomin da mutane suka saba sawa ne ya yi ta lissafawa yana gwadawa, kuma katin GPU guda na zamani yana gwada biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. A 2012 an fitar da hash ɗin kalmomin sirri kusan miliyan 6.5 na LinkedIn, SHA-1 ne kuma babu gishiri, cikin 'yan kwanaki aka fasa kaso mai yawa, a 2016 kuma ta bayyana cewa asusun da abin ya shafa sun haura miliyan 100. Gishirin nan (salt) wasu bayit ne da ake zaɓa ba tare da wani tsari ba, kamar guda 16 daga secrets.token_bytes, kowane mutum da nasa, ana ajiye shi a fili kusa da hash ɗin dan ba sirri ba ne. Aikinsa kawai ya sa mutum biyu masu kalmar sirri ɗaya su samu hash daban, ta yadda ɓarawo ba zai fasa ɗaya ya samu dubu a kyauta ba. Amma gishiri ba ya rage sauri, dan haka ake buƙatar hash da aka yi shi da nauyi da gangan. A cikin hashlib akwai pbkdf2_hmac tun 3.4 wanda yake maimaita lissafin sau adadin da ka faɗa, ƙungiyar tsaron manhajoji ta OWASP tana ba da shawarar 600,000 idan da SHA-256 ne, akwai kuma scrypt tun 3.6 wanda ban da lokaci har memori yake ci, abin da ke wahalar da masu GPU. Argon2 da ya ci gasar hash ɗin kalmar sirri a 2015 sai an ɗauko shi daga waje. Kuma a ajiye adadin maimaicin tare da hash ɗin, saboda lambar da ta isa bana ba lallai ta isa nan da shekara biyar ba, za ka so ka ɗaga ta ba tare da ka kulle tsofaffin masu amfani a waje ba.

Saura batun tabbatar da cewa saƙo daga wurin wanda ya dace ya fito. Hash shi kaɗai ba ya yin wannan, dan duk wanda ya iya canja fayil zai iya canja hash ɗin da aka rubuta a gefensa, shi ya sa lambar SHA-256 da ke shafi ɗaya da fayil ɗin da kake saukewa ta fi amfani wajen gano saukewar da ta yanke fiye da gano kutse. Dabarar da take fara zuwa wa mutum ita ce ya liƙa makullin sirri a gaban saƙo ya yi wa duka sha256. Kar a yi. MD5 da SHA-1 da SHA-256 duk gininsu iri ɗaya ne, sakamakon da suke bayarwa shi ne ainihin halin da injin yake ciki a lokacin da ya tsaya, kenan wanda ya ga hash ɗin zai iya ɗorawa daga nan, ya ƙara nasa bayanin a ƙarshen saƙon ya fitar da hash mai inganci alhali bai taɓa ganin makullin ba. An nuna wannan a kan shafin hotuna na Flickr a 2009. HMAC, hanyar haɗa makulli da hash, da aka wallafa a 1996 shi ne ya toshe wannan ƙofar, kuma yana nan a laburaren, hmac.new ka ba shi makulli da saƙo da sunan hash ɗin shikenan. Wajen gwada sakamakon kuma a yi amfani da hmac.compare_digest maimakon ==, saboda == yana iya tsayawa da zarar ya ci karo da bambanci na farko, kuma wannan ɗan bambancin lokacin, komai ƙanƙantarsa, abu ne da mai haƙuri zai iya aunawa idan ya turo buƙatu masu yawa. Shi compare_digest an rubuta shi ne yadda lokacin da yake ɗauka bai dogara da inda bambancin yake ba, sai dai ka tabbata duka ɓangarorin iri ɗaya ne, ko bayit da bayit daga digest, ko rubutu da rubutu daga hexdigest, idan ka gauraya su TypeError zai ba ka.